Surukata ta ce kakansu ya shiga Kentucky tare da Daniel Boone, ta ina zan fara bin salsalar?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Amurka ne, matata Ba'amurkiya ce farar fata, Allah ya ba mu yara uku. Surukata shekararta 78, kullum labarinta wai kakan kakanta na cikin waɗanda suka fara shiga Kentucky tare da Daniel Boone, kuma wai 'yar sarkin Cherokee, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, ya aura. Ta roƙe ni in bincika mata tun tana da rai. Na shiga shafin binciken salsala na Ancestry na tarar da mutumin a salsalar mutane sama da goma, wani ya ce a Virginia aka haife shi 1752, wani ya ce Pennsylvania 1760, uban ma kowa da sunan da ya sa. Kaina ya ɗaure. Ta ina zan fara, kuma ya zan gane na gaskiya?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya raya zuri'a, ya saka maka da alheri da ka ɗauki roƙon tsohuwar nan da muhimmanci, dangin uwa ma dangi ne kuma wata rana yaran nan da bakinsu za su tambaye ka. In na fahimce ka abu biyu kake nema, ka tabbatar mutumin nan da gaske kakanta ne, sannan ka san daga ina ya fito kafin ya je ya sari daji a Kentucky. Na daɗe ina wannan aikin, kuma yawancin waɗanda ke zuwa wurina da irin labarin nan a wuri ɗaya suke faɗuwa, sun fara daga sama, daga shahararren kakan, suna neman hanyar da za su gangaro da shi zuwa kansu. Kai ka ɗauki abin kamar isnadin hadisi, kowane ɗa sai ka samu takardar da ta ɗaure shi da ubansa ko uwarsa, in mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya toh duk abin da ke samansa ba naku ba ne har sai an cike gurbin.

Bari mu fara da lissafi dan shi kaɗai ma zai nuna maka wani abu. Mai shekara 78 an haife ta wajejen 1947, iyayenta wajejen 1920, kakanninta wajejen 1890, iyayen kakanni 1860, kakan kaka kuma wajejen 1830. Shi kuwa Boone a 1775 ya jagoranci saran hanyar da ta ratsa ta mashigar duwatsu ta Cumberland Gap har aka kafa Boonesborough, a 1799 ya yi ƙaura zuwa Missouri, ya rasu 1820. Ka ga kakan kakanta ko haifarsa ba a yi ba lokacin da Boone ya mutu. Wannan ba ya nufin tsohuwa ƙarya take, haka labarin baka yake, yana haɗiye mutum biyu ko uku a tsakiya musamman in sunansu ɗaya, mu ma a gida ai za ka ji an ce "kakanmu ne ya zo da Shehu" alhali tsakani akwai mutum shida. Dan haka mutumin da kake nema yana hawa na shida ko na bakwai a samanta, kuma akwai aƙalla mutum biyu da ba ta san sunansu ba.

Hawa daga mai rai zuwa 1850

Wannan ɓangaren shi ne mai sauƙi, ba zan daɗe a kai ba. Amurka na ƙidaya duk shekara goma tun 1790, kuma ana sakin sunaye bayan shekara 72, dan haka ƙidayar 1950 tana waje tun 2022, surukarka tana ciki tana 'yar shekara uku a gidan babanta. Daga nan ka bi 1940, 1930, 1920, 1910, 1900, duk kyauta ne a shafin binciken salsala na FamilySearch in ka yi rajista. Ta 1890 kusan gaba ɗaya ta lalace a gobarar da aka yi a Washinton a 1921, sai ka tsallaka zuwa 1880, wadda ita ce ta fara faɗin dangantakar kowa da maigida da kuma jihar da aka haifi uban mutum da uwarsa. Ka haɗa da takardun shaidar mutuwa, Kentucky ta fara rajistar haihuwa da mutuwa ta dindindin a 1911, kuma takardar na ɗauke da sunan uba da na uwa. Tsohon da ya mutu 1915 yana da shekara 85, takardarsa za ta ba ka sunan mutanen da aka haifa wajejen 1800. Sai dai ka duba wa ya ba da bayanin, in suruka ce ko maƙwabci kar ka rantse a kai.

1850 ita ce ƙidaya ta farko da ta rubuta sunan duk wanda ba bawa ba a gida, da shekarunsa da jihar haihuwarsa. Daga nan zuwa baya fitila ta mutu. Daga 1790 zuwa 1840 sunan maigida kawai ake rubutawa, sauran 'yan gida sai dai lamba, maza kaza masu shekara kaza, mata kaza. Ga kuma ƙarin rashin sa'a, takardun ƙidayar Kentucky na 1790 da 1800 sun ɓata, ta 1810 ce ta farko da ta tsira. Babu takardar haihuwa a zamanin, babu ta mutuwa, limaman coci ma yawo suke a kan doki. Anan ne masu ɗora salsala a intanet ke gajiya su kama duk mai irin sunan su liƙa, na biyu ya kwafa daga na farko, na uku daga na biyu, sai ka ga mutum goma sun yi ittifaƙi alhali bakin mutum ɗaya ne. Ka buɗe kowace ka duba me ta dogara da shi, in hujjarta wata salsalar ce kawai ka wuce.

Mutum na zaune, gunduma na tafiya

Kafin ka nemi takarda sai ka san a wace kotu take kwance, dan a Amurka cinikin fili da aure da wasiyya da rabon gado duk a gunduma ake rubuta su, abin da suke kira kawunti, kuma littafin yana zama ne a gundumar da take da iko ranar da aka rubuta. Kentucky ba jiha ba ce sai 1 ga Yuni 1792, kafin nan yankin Virginia ce. Ɗauki mutumin da ya kafa bukkarsa kusa da Harrodsburg, garin da James Harrod ya kafa a 1774. A lokacin yana gundumar Fincastle, ƙarshen 1776 ya koma gundumar Kentucky, a 1780 aka raba ta uku, Fayette da Jefferson da Lincoln, shi ya faɗa Lincoln, a 1786 kuma aka yanki Mercer. Bai gusa ko taku ɗaya ba amma takardunsa na warwatse a littattafan gundumomi huɗu, na Fincastle ma can suke a gundumar Montgomery ta Virginia. Ɗakin karatu na Newberry da ke Chicago yana da taswira a intanet da ke nuna iyakar kowace gunduma shekara bayan shekara, ni ba na fara aiki sai na buɗe ta. Wannan kuma zai iya warware maka wani ɓangare na ruɗanin Virginia da Pennsylvania, dan yankin da ke kusa da Pittsburgh duka jihohin biyu sun yi iƙirarin nasu ne har zuwa wajejen 1780, kowace da kotunanta. Kuma hanyar ƙaurar ma haka take, jama'a da yawa, musamman 'yan asalin Sukotland da suka zauna a arewacin Ailan da kuma Jamusawa, a Philadelphia suka sauka, suka gangara ta kwarin Shenandoah na Virginia, wasu har North Carolina, sannan 'ya'yansu suka haura duwatsu. Gidan su Boone ma haka, a Pennsylvania aka haife shi 1734, yana saurayi suka koma kwarin Yadkin na North Carolina.

Haraji da ƙasa

Gwamnati na iya mantawa da haihuwarka amma ba ta manta harajinka, kuma littattafan harajin Kentucky su ne abin da na fi so a duk aikin nan dan duk shekara ake yi, ba duk shekara goma ba. Za ka ga sunan mutum, yawan maza fararen fata da suka haura 21 a gidansa, bayi nawa, dawaki nawa, eka nawa, kuma a kan wane rafi filin yake, a shekarun baya-baya har da sunan wanda aka fara ba filin. In ka jera shekara ashirin a takarda ɗaya sai rayuwar mutum ta fito da kanta. Saurayi ya bayyana karo na farko da doki ɗaya ba fili, ka san ya cika 21, ka cire ka samu shekarar haihuwa da kuskuren shekara ɗaya ko biyu. Dattijo ya ɓace, shekara mai zuwa mace mai sunan gidan ta bayyana da eka ɗin nan a rafin nan, ka san ya rasu ga matarsa. Na taɓa yin wani aiki da salsalar intanet ta ba mutum ɗaya 'ya'ya goma sha tara da mata biyu a lokaci guda, da na zauna da littafin haraji sai ga mutum biyu masu suna ɗaya a shekara ɗaya a shafi ɗaya, ɗaya da eka 200 a wani rafi, ɗaya ba shi da komai sai dawaki biyu, akawun ma da ya gaji ya riƙa rubuta sunan rafin a gefen sunan kowa dan ya bambance su. Ka kula kuma in ka ga an liƙa wa suna babba da ƙarami, a zamanin ba lallai uba da ɗa ba ne, masu suna ɗaya ne a gunduma, wanda ya girme shi ne babba, in ya mutu ƙaramin ya gaji laƙabin.

Sai ƙasa, wadda ita ce ta kai su can tun farko. A 1779 Virginia ta yi dokar da ta ce duk wanda ya zauna a yankin ko ya noma masara kafin 1 ga Janairu 1778 yana da eka 400 a farashi kaɗan, da damar sayen wata 1,000 a gefenta. Aka tura kwamiti ya zauna a kafi-kafin Kentucky tsakanin 1779 da 1780, mutane suna zuwa suna faɗin shekarar da suka zo da inda suka yi shuka, kuma littafin kwamitin nan yana nan an buga shi. In kakan surukarka da gaske na farkon zuwa ne, nan ne wurin farko da zan duba. Mallakar fili kuma hawa huɗu ce, takardar izini, sai shigar da wurin da kake so a littafin safiyo, sai awo, sai takardar mallaka daga gwamna, kuma ana iya sayar da haƙƙin a kowane hawa, dan haka sunan da ke kan izini ba lallai shi ne a kan mallaka ba. Ofishin filaye na sakataren jihar Kentucky ya ɗora hotunan da yawa daga cikinsu a intanet. In ka buɗe takardar awo kar ka tsaya a zanen, ka duba ƙasa inda aka rubuta sunan masu jan sarƙar awo, galibi samarin gidan ne ko surukai ko maƙwabta, ka rubuta sunansu ka ajiye za su yi maka rana.

Yadda suke awon kuwa da itatuwa ne da rafuka, a fara daga itacen oak biyu a bakin rafi, a yi arewa sanda kaza zuwa wani kututture, haka dai. Daji ne, safiyo da yawa, kowa na awo ba ya sanin wani ya riga shi, sai filaye suka hau kan juna, shari'a ta ɓarke ta shekara da shekaru. Boone kansa ya rasa filayensa ta wannan hanyar, Thomas Lincoln baban shugaba Abraham Lincoln ma rikicin takardun fili na cikin abin da ya sa ya bar Kentucky zuwa Indiana a 1816. Musibarsu ce amma mu ta zame mana taska, dan a shari'un nan ana kiran tsofaffi su yi rantsuwa su faɗi shekarunsu, yaushe suka shigo, da wa suka zo, a wane kafi suka kwana, wa ya sassaƙa harafin sunansa a jikin wane itace. Na taɓa riƙe irin takardar nan a hannuna a wata tsohuwar kotu, an naɗe ta uku an ɗaure da zare, tawadar ta koma ruwan ƙasa, dattijo na bayanin yadda shi da ƙanin matarsa suka yi shukar masara a bakin wani marmaro, a ƙasa kuma ba sa hannu sai alamar X. Jimla ɗaya ce ta ba ni sunan gidan su matar, abin da iyalin suka yi shekaru suna nema.

Kar ka bar takardun ciniki ma. Matar aure tana da haƙƙin sulusin filin mijinta in ya mutu, dan haka in zai sayar sai an keɓe ta an tambaye ta ko da yardarta, a rubuta sunanta. Wani lokacin nan ne kaɗai sunan mace ya fito a duniya. Mafi daɗi kuma ita ce takardar da magada suka haɗu suka sayar da gonar uba, za ta jero 'ya'ya maza, da 'ya'ya mata tare da mazajensu, har da jihar da kowa ya koma. FamilySearch yanzu na da injin da ke karanta rubutun hannu na tsofaffin littattafan nan, kana iya neman suna ko sunan rafi a cikinsu, amma ka riƙa buɗe hoton asalin ka karanta da idonka. Kuma ka nemi sunan da duk yadda kunne zai iya jinsa, akawu yadda ya ji yake rubutawa, kamar yadda Muhammadu ɗaya ke zama Mohammed da Mamman a takardu uku. Jamusawa ma har fassara sunan ake yi, Zimmermann ya koma Carpenter.

In fili ya wuce arewacin kogin Ohio, wato Indiana ko Illinois da yawancin Ohio, tsarin daban ne, dokar 1785 ta yanka ƙasar gida-gida, mil shida-shida, kowane gida kashi 36 mai eka 640, gwamnatin tarayya ce ke sayarwa kuma takardun na shafin hukumar filaye ta tarayya.

Fansho, da tsofaffin da aka yi hira da su

Wanda aka haifa 1752 ko 1760 yana daidai shekarun yaƙin neman 'yanci na 1775 zuwa 1783, kuma a bakin daji kusan duk namiji ɗan sa-kai ne. In Allah ya ja kwanansa har 1832, toh ka yi sa'a, dan dokar fansho ta shekarar ta haɗa da 'yan sa-kai da suka yi aƙalla wata shida, kuma sai mutum ya je kotu ya amsa tambayoyi, a ina aka haife ka kuma a wace shekara, kana da rubutun shekarunka, ina kake zaune da aka kira ka, ina da ina ka zauna tun bayan yaƙi. Kai ka ji, tambayar da kake min ita gwamnati ta yi masa ya amsa da bakinsa. Dokokin 1836 da 1838 kuma sun ba matan da mazansu suka mutu dama, su sai sun tabbatar da aure, shi ya sa a cikin fayil da yawa za ka tarar da shafin da aka yago daga Baibul na gida mai sunayen yara da ranakun haihuwa. Fayilolin na ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Washinton, hotunansu na shafin intanet na Fold3. Ko an hana shi fanshon fayil ɗin na nan, kuma ka karanta na maƙwabtansa dan yana iya zama shaida a ciki.

Akwai kuma tarin Lyman Draper, mutumin da ya shafe shekaru tun wajejen 1840 yana yawo yana hira da tsofaffin bakin daji da 'ya'yansu yana karɓar wasiƙu, kusan kundi 500, suna ƙungiyar tarihi ta Wisconsin a Madison. A ciki akwai hirarrakin wani limamin coci John Dabney Shane da ya bi tsofaffin Kentucky gida-gida, suna faɗin waye da waye a wane kafi, wa aka kashe, wa ya auri wa. Tunanin tsufa ne, shekara na iya zamewa, amma sunayen maƙwabta ba kasafai suke kuskurewa ba.

Ta nan ne ma ake haura duwatsu a koma baya. Ba wanda ke ɗaukar mata da yara ya shiga dajin nan shi kaɗai, ayari ake yi na 'yan'uwa da surukai da 'yan coci ɗaya, a 1781 ma coci guda ta 'yan Baptist ta taso daga gundumar Spotsylvania ƙarƙashin Lewis Craig, ɗaruruwan mutane. Dan haka in sunan kakanku ya yi yawa a Virginia, ka tara sunayen da ke zagaye da shi a Kentucky, masu jan sarƙa, shaidun ciniki, wanda ya tsaya masa a takardar lamunin aure wanda sau da yawa uban amarya ne ko wanta, waɗanda suka sayi kaya a gwanjon gadonsa. Sai ka nemi gundumar da sunaye huɗu ko biyar ɗin nan suke zaune tare shekara goma kafin nan. Suna ɗaya na iya zama dace, biyar a rafi ɗaya kam ba dace ba ne. Daga nan ka nemi wasiyya ko shari'ar gado da ta ambaci ɗa da ke Kentucky, ɗakin karatu na jihar Virginia ya ɗora shari'un gado na gundumomi da yawa kyauta. Kamannin suna kaɗai ba ya isa, shugaba Lincoln da kansa ya san kakansa ya zo daga Rockingham ta Virginia an kashe shi a gonarsa a Kentucky, amma bai yarda ya jingina kansa da gidan Lincoln na Massachusetts ba dan abin da ke hannunsa kamannin sunaye ne kawai, sai bayan mutuwarsa masu bincike suka haɗa salsalar da takardu.

Maganar Boone da 'yar sarki

Waɗanda suka sari hanya tare da Boone a 1775 wajen mutum talatin ne kuma an san sunayen yawancinsu. Zuwa 1790 kuwa mutanen Kentucky sun haura 73,000. Mafi yawan "ya zo da Boone" da na bincika ma'anarsa ya biyo hanyar Boone, ko ya taɓa fakewa a Boonesborough, ko sun yi aikin sa-kai tare, kuma ko wannan ma abin faɗa wa jikoki ne in an tabbatar.

'Yar sarkin Cherokee kuma, wallahi na ji labarin nan a gidaje ba adadi. Cherokee ba su da sarauta irin wadda za a ce ga gimbiya, dangi bakwai gare su kuma ta wajen uwa ake bin dangi. Auratayya ta faru, musamman da 'yan kasuwa da ke zaune a garuruwansu, amma 'ya'yan galibi cikin dangin uwa suke tashi. Rajistocin Cherokee da mutane ke rugawa su duba, irin na Dawes, na wajejen 1900 ne, ba za ka ga matar 1780 a ciki ba. Abin yi shi ne ka fara gano sunan matar ta takardar aure ko ciniki, in uban ya fito a littafin haraji a matsayin farar fata mai fili toh magana ta ƙare. Gwajin DNA na taimakawa, kuma surukarka za a yi wa tun tana nan dan ta fi matarka da yaranka kusa, amma daga kaka ɗaya a hawa na shida abin da ake sa ran ta gada bai kai kashi biyu cikin ɗari ba, yana iya zama sifili, dan haka rashin gani ba ya kore labarin kwata-kwata. Na kuma ga gidajen da gwajin ya nuna ɗigon jinin Afirka ta Yamma a inda ake cewa Cherokee, an sauya labarin ne a zamanin da dokar launin fata ke iya raba mutum da haƙƙinsa. In kuma salsalar uba ake so a raba tsakanin mai 1752 da mai 1760, sai a samu namiji mai sunan gidan da ya gangaro ta maza zalla a yi masa gwajin Y, wato na DNA ɗin da ɗa namiji ke gada daga ubansa. Fassarar sakamakon nan mai zurfi ni kaina masana fannin nake turawa, aikina takarda ne.

Ina so kuma ka shirya zuciyarka, ka shirya ta tsohuwa. Dajin da ake cewa sun sara wurin farautar ƙabilun Shawnee da Cherokee ne, da jini aka karɓe shi ta ɓangaren biyu. Kuma a cikin 73,000 ɗin nan kusan 12,000 bayi ne, su ma sun taka hanyar nan da ƙafa, su suka sare itatuwa da yawa. Ranar da na fara buɗe lissafin kayan wani mamaci na ga sunan yarinya 'yar shekara tara da farashinta, a tsakanin doki da tukunyar ƙarfe, na daɗe ban juya shafin ba, ina tunanin daga wace ƙasa tamu aka kamo kakarta. In ka ci karo da irin wannan dan Allah ka kwafe sunayen ka ɗora inda za a gani, dan baƙaƙen Amurka da ke neman nasu kakannin da aka bautar ba su da sunansu a ƙidaya sai 1870, takardun gadon iyayen gijin na cikin manyan hanyoyinsu.

Ba zan yi maka alkawarin za ka kai ƙarshe ba. Kotuna da yawa sun ƙone, wasu gundumomin Virginia irin su Hanover sun kai littattafansu Richmond dan tsaro lokacin yaƙin basasa, gobarar Afrilu 1865 ta cinye su a can. Talakan da bai mallaki fili ba, bai yi shari'a ba, ya mutu kafin fansho, sawunsa kaɗan ne, mata kuma sun fi ɓacewa. Akwai aikin da na yi shekara uku a kai na tsaya a "mai yiwuwa ɗan wane ne", na rubuta shi a haka da dalilaina ban mayar da shi tabbas ba, kai ma in ka kai irin wurin ka rubuta a haka.

A wannan makon dai ka ajiye Ancestry, ka je wurin tsohuwa da wayarka ka kunna rikoda, ka tambaye ta sunan kakanninta huɗu, a wace maƙabarta suke, wace coci suke zuwa, sunan rafin da gonar take, wa ya gaji Baibul na gidan da akwatin hotuna, kuma daga bakin wa ta fara jin labarin Boone. Sai ka hau ƙidaya har 1850. In ka samu sunan mutumin da ya fi tsufa a wannan shekarar da gundumar da yake zaune, ka turo min in gaya maka littafin harajin da za ka fara buɗewa. Ka gaishe min da Mama.